Darasi: Aiki Daga Gida da Renon Ƙananan Yara

Aiki daga gida shi ne mutum ya nemi abin kai wa bakin salati, ko ya sauke nauyin ma'aikatarsa, ba tare da ya bar gidan da yake kwana ba. Idan a gidan akwai jariri, ko ɗan yaye, ko yaron da bai isa shiga makaranta ba, to hidima biyu ce ta haɗu a tsakar gida ɗaya, kuma kowace tana neman ido da kunne da hannun mutum guda.

Wannan ba baƙon abu ba ne a jihar Kebbi, a Katanga da ke ƙaramar hukumar Jega, ko a Aliero, ko a Maiyama. Tun kaka da kakanni matan aure suna sana'a a cikin gida: matse man gyaɗa da suyar ƙuliƙuli, dama fura, turara shinkafa da surfe, kitso, saƙa, ɗinkin hula, haɗa turaren wuta. Matar da ba ta taɓa kasa kaya a kasuwar Jega ba tana iya sanin farashin mudun gyaɗa fiye da mai zuwa kasuwar. Ilimi ma ya taɓa bin irin wannan hanya. A ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta tsara 'yan taru, inda shugabanninsu mata da ake kira jaji suke jagorantar dattijai mata da 'yan mata su je su ɗauko karatu, su kawo wa masu goyo har cikin gidajensu.

Sai dai tsohuwar sana'ar gida tana da wata tsada da ba a cika lissafa ta ba. Abin da ke haɗa mai sana'a da mai saye shi ne farantin talla a kan yarinya. Ita ce ke kai kaya, ita ce ke dawo da ciniki, ita ce kuma ke rasa darasin safe. Babban alherin wayar hannu a irin wannan gida shi ne tana iya sauke wani ɓangare na wannan faranti.

Abubuwa da dama ne suka taru suka sauya yadda ake aiki daga gida. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001. Annobar korona a 2020 ta rufe makarantu da ofisoshi, ta koya wa ma'aikata yin taro ta waya da kwamfuta. Ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, bayan sauya fasalin naira, ya tilasta wa mutanen karkara koyon tura kuɗi ta waya. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, har ya zama tafiyar da waya za ta iya yi ba a hawa mata mashin. Yanzu akwai telar da ke karɓar aiki ta WhatsApp, da mai sayar da atamfa da ke ɗora hotuna a sitatus, da dillalin albasar Aliero da ke tura hoton buhuna ga mai saye a Legas ko Onica, da malamin Jami'ar Kimiyya da Fasaha da aka kafa a Aliero a 2006 yana duba aikin ɗalibai a ɗakinsa, da malamar da ke koyar da mata karatu ta saƙon murya.

Iyakar abin da na'ura ke yi

Na'ura tana rage tafiya, tana rage jira, tana riƙe lissafi, tana amsa sallamar mai saye kafin mai kaya ta samu sukuni. Ba ta reno. Wanda ya kasa fahimtar wannan tun farko zai sayi kayan aiki masu tsada, kuma ya ƙare da aikin da bai yi kyau ba da yaron da ba a kula da shi ba.

Dalilin yana cikin yadda hankalin ɗan Adam yake. Ana iya haɗa aikin hannu da aka saba da shi da sauraron yaro: mace tana tsince shinkafa tana jin motsin ɗanta a bayanta. Amma ayyuka biyu masu neman tunani ba sa haɗuwa. Hankali yana tsalle ne daga wannan zuwa wancan, kuma duk tsalle da abin da ke zubewa. Taura biyu ba ta taunuwa. Uwar da ke shigar da lambar asusu mai lamba goma yayin da ɗan shekara biyu ke jan zaninta, ko dai ta kuskure lamba, ko ta daka masa tsawar da bai cancanta ba.

Saboda haka amfanin kayan aiki na gaskiya shi ne su taƙaita lokacin da aiki ke ci, su kuma ba da damar ɗage shi zuwa sa'ar da yaro ke barci ko yake hannun wani babba.

Raba aiki bisa yinin yaro

A gidan Bahaushe salloli biyar sun riga sun yanka yini gida-gida, kuma a kansu ya fi sauƙi a ɗora tsari. Abin da ake buƙata shi ne a kasa aikin gida uku.

Akwai aikin da ke neman natsuwa: lissafin ciniki, tura kuɗi, rubuta rahoto, yanka yadi mai tsada, ba da makin jarabawa. Wannan sai lokacin da gida ya yi tsit, wato bayan sallar asuba kafin yara su tashi, ko tsakanin azahar da la'asar idan ƙananan sun yi barcin rana, manyan kuma sun tafi Islamiyya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa ɗan shekara 1 zuwa 2 yana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 a yini, ɗan shekara 3 zuwa 4 kuma awa 10 zuwa 13. Idan aka saba wa yaro da kwanciya a lokaci guda kullum, an samar masa lafiya, an kuma samar wa iyaye sa'o'in da za su iya dogara da su.

Akwai aikin da ake yi kai tsaye da wani, kamar kiran waya da taron bidiyo. Shi ba a iya dakatar da shi a tsakiya, don haka ba a sa shi sai an tabbatar da wanda zai riƙe yaro. Barcin yaro ba abin dogaro ba ne a nan, domin yakan farka daidai lokacin da ba a so.

Sai aikin da ake iya ajiyewa a kowane lokaci: ɗaukar hoton kaya, ƙulla kaya a leda, sauraron saƙon murya, ninke ɗinki. Wannan shi ne aikin hantsi, lokacin da yaro ke wasa a gaban ido ko yake goye.

Dare yana da jaraba. Kamfanonin waya suna sayar da datar dare da araha, gida ya yi shiru, sabis ma ya fi ƙarfi. Amma mai shayarwa da ta kai ƙarfe ɗaya tana amsa saƙonni, ta tashi shayarwa sau biyu, ta tashi asuba, ba za ta jure makonni ba. Arahar datar dare ta fi dacewa da sauke manyan fayiloli da ake barin waya ta yi ita kaɗai.

Wuta tukuna

A wannan yanki tambayar farko game da kowace na'ura ita ce da me za a yi mata caji. Jihar Kebbi tana ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Kaduna, tare da Sakkwato da Zamfara, kuma mutane har gobe NEPA suke cewa. Wuta takan zo ta ɗauke ba sallama, ƙauyuka da yawa kuma ba su da ita sam. Janareto yana shan man da ya fi ƙarfin ribar ƙaramar sana'a, ga ƙarar da ke tashin jariri. Abin da Allah Ya hore wa yankin a wadace shi ne rana, shi ya sa ƙaramar sola ta fi dacewa da mai aiki daga gida.

Kafin a saya, a yi lissafi. Kowace na'ura an rubuta a jikinta ko jikin cajarta yawan wutar da take ci, da ma'aunin wat. Sai a ninka wannan da yawan awannin da za ta yi aiki. Ga misali: kwamfutar tafi-da-gidanka mai cin wat 50 na awa 3 ta ci 150. Fanka mai amfani da batir mai wat 20 na awa 6 ta ci 120. Ƙwan fitila biyu masu wat 5 na awa 4 sun ci 40. Cajin waya biyu kimanin 40. Ƙaramar na'urar raba intanet kimanin 50. Jimla 400 a yini. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana riƙe 1,200, amma idan irin mai ruwa ne ko na dalma, rabi kawai ake zuƙa idan ana so ya daɗe, wato 600. Faifan sola mai wat 150 da ya samu rana mai ƙarfi ta kusan awa 5 zai iya mayar da abin da aka ci, ko da an cire asarar zafi da ta wayoyin lantarki. Wanda sana'arsa ba ta wuce wayar hannu ba, ƙaramin faifai da fawa-banki sun ishe shi.

Fankar da ke cikin lissafin nan ba ƙawa ba ce. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, kuma yaron da zafi ya hana barci ya hana aiki. Da hunturu kuwa ƙura ce ke lulluɓe faifai ta rage masa ƙarfi. Tsumma mai laushi da ɗan ruwa da sassafe sun isa.

Waya, data da kuɗi

Ga yawancin mutane wayar hannu ita ce ofis ɗin gaba ɗaya. Manhajar WhatsApp Business, da ta fito a 2018, kyauta ce, kuma tana da abubuwa uku masu amfani ga mai goyo. Tana da kundin kaya inda ake sa hoto da farashi, don kada a riƙa amsa tambaya ɗaya sau ashirin. Tana da gajerun amsoshi da ake ajiyewa. Tana kuma da saƙon da ke fita da kansa idan mai waya ba ta kusa. Saƙon ba ya buƙatar tsawo: "Assalamu alaikum, sannu da aiki. Saƙo ya iso. Zan amsa bayan la'asar in Allah Ya yarda." Mai saye da ya san lokacin da za a amsa masa ba ya jin an wulaƙanta shi.

Saƙon murya ya buɗe ƙofa ga waɗanda boko bai zauna musu ba, kuma ana yin sa da hannu ɗaya. Amma magana kan kuɗi, da adadi, da ranar kai kaya, gara a rubuta ta da lambobi, domin ita ce shaida idan gardama ta taso.

Bidiyo ne ke cinye data. A kashe saukar hotuna da bidiyo da kansu daga zaurukan WhatsApp, a rufe kyamara a taro idan ba a buƙace ta ba. Inda sabis ke rawa, waya mai layi biyu na kamfanoni daban tana ceton aiki. Yana da kyau a gwada kusurwoyin gida a gano inda sabis ya fi kamawa, a kafa wurin aiki a nan, muddin daga wurin ana hangen inda yara ke wasa. Abin sauraro kuma a kunne ɗaya ake sa shi. Ɗaya kunnen na yaro ne.

Batun kuɗi yana neman tsanani. OPay da Moniepoint da PalmPay da manhajojin bankuna sun sauƙaƙa karɓar ciniki, sun kuma buɗe hanya ga 'yan damfara. Ba a sakin kaya saboda hoton rasit ko saƙon alat. Sai an buɗe asusu an ga kuɗin da ido. Ba a karanta wa kowa lambar sirri, ko lambar BVN, ko lambobin da ke shigowa ta saƙo, ko da ya ce daga banki yake. Mai gaggawar komawa ga yaron da ke kuka ita ce abincin macuci, don haka duk kiran da ya ce a yi yanzu-yanzu, a kashe shi, a dawo kansa da natsuwa. Kuma wayar da ke ɗauke da asusu a sa mata makulli, domin yatsan ɗan shekara uku yana iya goge hirar wata guda.

Haɗarin da ke ƙasa-ƙasa

Kayan aiki suna shigo da haɗari a daidai tsayin mai rarrafe. Bakin caja da aka bari a jone yana lilo, yaro zai kai shi baki. Soket ɗin jona kaya da ke kwance a ƙasa kusa da tabarma yana gayyatar yatsa da cokali. Duka biyun wurinsu sama ne, a kan kanta ko a kafe a bango. Batirin sola mai ruwa yana ɗauke da asid, yana kuma fitar da iskar da ke iya kama wuta, don haka a ajiye shi inda iska ke shiga, a cikin akwatin da yaro ba zai buɗe ba. Waya ko fawa-banki da ta kumbura a daina amfani da ita, kuma ba a caji a ƙarƙashin matashi ko a kan katifar da yaro ke kwance. Ƙananan batura masu kama da maɓalli, irin na agogo da rimot, idan yaro ya haɗiye suna ƙona maƙogwaro cikin 'yan sa'o'i. Wannan na asibiti ne nan take.

Janareto kuwa yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, mai kashe mutane cikin barci. Ba a kunna shi a ɗaki, ko a zaure a rufe, ko a ƙarƙashin taga.

Mafi girman haɗari dai shi ne tsohon haɗarin gida ya haɗu da sabon shagala. Rijiya marar murfi, bahon wanki da ruwa, tukunyar mai a kan murhu, duk suna nan tun da. Abin da ya ƙaru shi ne allon da ke riƙe idon babba minti biyar bai sani ba. Ɗan ƙaramin yaro yana iya nutsewa a bokiti, kuma ba ya ihu. Kafin a zauna aiki, a rufe rijiya, a kife bokiti, a sauke abin da ke kan wuta.

Akwai ƙananan kyamarori da ke nuna wa uwa ɗakin jariri a wayarta. Suna buƙatar wuta da intanet marasa yankewa, kuma kyamara a ɗakin matan aure tana taɓa sutura, domin hoton da ya hau intanet ba a da tabbacin inda zai tsaya. A gidan da ɗakuna ke kewaye da tsakar gida ɗaya, barin ƙofa a buɗe da labule ya fi ta amfani.

Miƙa wa yaro waya

Hanya mafi sauƙi ta sayen shiru ita ce a kunna wa yaro bidiyo. Tana aiki, shi ya sa take da wuyar bari. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ta ce yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban allo, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini, ƙasa da haka ma ya fi. Yaro yana koyon magana ne daga bakin da ke amsa masa. Bidiyo yana magana, amma ba ya jira ya ji abin da yaron zai ce. Ga kuma yawancin abin da ke ciki ba da Hausa ba ne, ba kuma da tarbiyyar gidan aka shirya shi ba.

Idan ta kama dole, a sauke abin da aka tantance tun farko, a kashe data, a sa iyakar lokaci, kuma kada ya zama wayar aiki. Amma ƙwarya da murafai da cokulan roba a kan tabarma kusa da uwa sukan riƙe ɗan yaye fiye da yadda ake zato. Dattijuwar da ke yi wa jika tatsuniya ko wasan tafi tana ba shi abin da babu manhajar da ke bayarwa.

Wanda zai karɓi yaro

Duk tsarin da ke sama yana tsaye ne a kan samun wani babba na awa ɗaya ko biyu. Gidan gandu yana da wannan arziki: kaka, gwaggo, matar wa, abokiyar zama. Sai dai taimakon da ba a yi magana a kansa ba yakan koma gori. Gara a faɗa a fili: "Inna, gobe daga ƙarfe goma zuwa sha ɗaya ina da taro, ko za ki riƙe min shi?" Kuma a rama, da cefane, ko da ɗinki, ko da riƙe nata yaran. Maƙwabta biyu ko uku masu sana'a suna iya yin karɓa-karɓa, kamar yadda suka saba zubin adashi: yau yara suna gidan wannan da hantsi, gobe suna gidan waccan.

Maigidan da ke aiki a zaure ko a turaka yana cikin lissafin. Kasancewarsa a gida ba ya nufin a ƙara wa uwa aikin hana yara motsi don kada su dame shi. Idan sana'ar matar tana shigo da kuɗin cefane, lokacinta ma yana da daraja, kuma uban da ya ɗauki ɗansa ya zaga da shi bayan la'asar bai rage komai daga girmansa ba.

Wadda bai kamata nauyin ya faɗa kanta ba ita ce yarinyar gida. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9 kyauta. Idan waya ta sauke wa 'yar shekara takwas farantin talla, sannan aka ɗora mata goyon ƙani daga safe zuwa azahar, ba a yi komai ba; an sauya mata kaya ne kawai. Ta taimaka bayan ta dawo daga makaranta, a gaban babba, ban da kusa da wuta ko rijiya.

Mai aikin albashi kuma ya daidaita da shugabansa tun farko a kan awannin da za a same shi, da cewa da abin da ya kammala za a auna shi. Mai shayarwa ta faɗi lokutan shayarwa ba kunya, musamman a wata shidan farko da ake so jariri ya sha nono zalla. Ranar da yaro ya tashi da zazzaɓi, abin da ya yawaita da damina, tsari ya rushe: a tura saƙo ɗaya ga masu jira, a sa saƙon da ke fita da kansa, a kai yaro a gwada jininsa a cibiyar lafiya mafi kusa. Don irin wannan rana ne ake ƙara kwana ɗaya ko biyu a kan duk alƙawarin da za a ɗaukar wa mai saye ko ma'aikata.